Kafin a Ce Maka Gwani

Ƙannena maza da mata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinku, wadda na daɗe ina son mu zauna a kanta. Duk lokacin da wani ya yi zarra, a aji ne ko a shagon sana'a ko a filin wasa, sai in ji kuna cewa, "Ai shi baiwa ce Allah Ya ba shi." Ban musa ba. Allah Yana fifita wani a kan wani a kaifin ƙwaƙwalwa, da daɗin murya, da ƙarfin jiki. Abin da ke damuna shi ne yadda maganar ta zama wurin fakewa. Da zarar yaro ya faɗe ta, ya sallami kansa ke nan: tunda ba a ba shi ba, mene ne na wahala? Sai ya koma gefe ya zama ɗan kallo, alhali wanda yake kallon bai kai inda ya kai ba sai da ya kwashe shekaru yana wani aiki da ba a yin sa a bainar jama'a.

Wannan aikin na ɓoye shi nake so in baje muku. Gwani shi ne mutumin da ya daɗe yana komawa daidai inda yake kuskure, a gaban wanda zai iya gyara masa, har wurin ya miƙe. Wanda kuwa bai saba a gyara masa ba, bai cancanci a danƙa masa ragamar jama'a ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, bayanin waɗannan jimloli biyu ne.

Darasi daga tsangaya

Ba sai mun je nesa ba. Mu leƙa tsangaya, inda kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaye gwanaye. Kada ku ɗauka bara nake yabo, ko bulala, ko kwanan yara a bakin titi. Waɗannan cututtuka ne da suka shiga tsarin, kuma wajibi ne a magance su. Hanyar karatun ita nake nufi.

Yaro yakan fara yana kolo, a koya masa babbaƙu, sannan farfaru, har ya iya haɗa baƙi da wasali. Malam ke rubuta masa allo ya biya masa, kuma ba za a ce ya wanke ba sai ya karanta abin da ke kai babu tuntuɓe. Ya zama titibiri, ya fara rubuta allonsa da hannunsa, ya zama gardi, ya sauke. A wurin mutanen gari ranar sauka ita ce ƙarshe, a yi walima, a ɗauko allon zayyana, dangi su taru. A wurin mahaddata kuwa, ranar ce aka fara. Gardin da ke neman hadda sai ya naɗe buzunsa, ya rataya allonsa, ya nufi gabas, Haɗeja ko Nguru ko Gaidam ko Maiduguri, wajen alarammomin da suka yi suna. Wasu har bayan gari suke fita su kafa bukkoki, abin da ake kira kiskadi, don kada hayaniya ta raba musu hankali. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, sumuni 480 ke nan, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin su.

Ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Bayan gardi ya haddace, sai ya shiga matakin satu: ya rufe Alƙur'ani, ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta sumuni a allo da ka. Daga nan ya kai allon zaman darasu, inda alarammomi da sauran gardawa suka kewaye. A ɗaga allon kowa ya zuba ido. Nan ka sa alu baƙi, alhali alu ja ne. Nan ta kuri ce, kai kuwa ka buɗe ta. Nan ka tsallake daga wata aya ka faɗa 'yar'uwarta da ke wata sura, saboda farkonsu iri ɗaya ne. A gaban kowa ake faɗa masa, babu rufa-rufa, shi kuma ba ya fushi, don abin da ya kawo shi ke nan. Ya goge, ya gyara, ya koma bukka ya yi ta tishin wurin da ya zame, gobe ya kawo wani allon. Saboda ayoyi masu kama da juna ne ma gwanaye suka tsara harji, wato ƙidayar sau nawa kalma kaza ta zo da siffa kaza, da wuraren da ta zo. A haka mutum zai zama alaramma, ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. In ya ƙara gogewa a ce masa gwani, in ya wuce nan a ce gangaran.

Ku lura, babu wanda ya zama gwani don yawan karanta surorin da ya riga ya iya. Wurin da ya ƙi zama shi ake bi, kuma wani ne yake nuna maka shi.

Abin da masu bincike suka gano

Masanan zamani da suka bi diddigin yadda ake zama gwani sun iso wannan wurin ta wata ƙofar daban. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Suwidin, Anders Ericsson, wanda ya koyar a Amurka har rasuwarsa a 2020, ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan tambaya. A ƙarshen shekarun 1970, shi da abokin aikinsa sun ɗauki wani ɗalibin jami'a wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta kowa ba. Idan aka jero masa lambobi, guda 7 yake iya riƙewa. Suka riƙa zama da shi, in ya kawo daidai a ƙara masa lamba ɗaya, in ya kuskure a rage. Bayan zama sama da 200, yaron nan ya kai yana riƙe lambobi 82 a jere.

A 1993 kuma, Ericsson da abokansa biyu suka fitar da binciken da ya fi shahara, a kan masu koyon kiɗan gogen Turawa a wata babbar makarantar kiɗa da ke Berlin a Jamus. Malaman makarantar suka ware musu ɗalibai kashi uku: zaƙaƙurai, da masu bi musu, da waɗanda ake shirya wa aikin koyarwa. Da aka lissafa sa'o'in da kowa ya yi yana atisaye shi kaɗai kafin ya cika shekara 18, sai aka ga zaƙaƙuran sun tara kimanin sa'a 7,400, masu bi musu 5,300, na ukun kuwa 3,400. Daga wannan binciken ne wani marubuci, Malcolm Gladwell, ya yaɗa zancen sa'a 10,000 a littafinsa na 2008. Ericsson da kansa ya ce an yi wa aikinsa gurguwar fahimta. Babu wani adadi da in ka cika shi za ka wayi gari gwani. Irin aikin da aka yi a cikin sa'o'in shi ne abin dubawa.

Ya kira shi atisaye mai manufa, ya kuma sa masa sharuɗɗa: a ware abu guda takamaimai da ake son gyarawa, abin ya ɗan fi ƙarfin mai yinsa, a tattara hankali gaba ɗaya, a sami wanda zai nuna kuskure nan take, sannan a sake, a sake. Ku ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan gardin nan da allonsa. Sumuni guda shi ne abu takamaimai. Rufe Alƙur'ani shi ne abin da ya fi ƙarfinsa. Bukkar bayan gari ita ce tattara hankali. Zaman darasu shi ne gyara. Tishi shi ne maimaici. Babu sharaɗin da ya faɗi.

Don in yi muku adalci, wasu masanan sun sake auna irin waɗannan bincike a 2014, suka nuna cewa atisaye ba shi kaɗai yake raba gwani da na bayansa ba. Halitta tana da nata rabo, haka shekarun da aka fara, haka samun malami da abin hannu. Ɗan da aka haifa a gidan malamai ya riga ɗan'uwansa tashi. To amma a cikin duk waɗannan, wanne ne yake hannunku yau? Ba ku zaɓi gidan da aka haife ku ba, ba ku zaɓi tsayinku ba. Yadda za ku yi da sa'o'i biyun da ke tsakanin Asuba da fita, wannan naku ne.

Daɗewa daban, ƙwarewa daban

Kun sha ganin direban da ya shekara ashirin a kan hanya, amma har yau yadda ya iya tuƙi a shekararsa ta biyu haka yake yi. Kun sha ganin telan da ya tsufa a kan keke, wuyan rigarsa bai taɓa zama daidai ba. Dalili shi ne, da mutum ya kai matsayin "ba laifi", sai hannu ya riƙa aiki hankali yana wani wurin. Daga ranar ci-gaba ya tsaya, sai dai shekaru su yi ta taruwa.

Kai da kake koyon ɗinki, in ka lura wuya ne yake ba ka wahala, kada ka jira sai an kawo ɗinkin Sallah ka gwada a kan shaddar mutane. Tattara ƙyallayen da ake zubarwa a ƙarƙashin tebur. Bayan an tashi, yanka wuya kaɗai, ɗinka, kai wa maigidanka ka ce, "Oga, ina na karkace?" In ya sa yatsa a wurin, farke ka sake. Mako biyu a kan wuya kaɗai zai ba ka abin da shekara biyu ta ɗinkin gaggawa ba ta ba ka ba. In wuya ya zauna, koma kan aljihu.

Ke da kike shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, na san daɗin karanta babin da kika riga kika gane, domin yana sa ki ji kamar kina ƙoƙari. Rufe littafin. Ɗauko tambayoyin shekarun baya, sa agogo, amsa da ka kamar mai satu. Sannan buɗe ki duba. Ki ware ƙaramin littafi na kurakurai: duk tambayar da ta kayar da ke, ki rubuta ta, ki rubuta dalilin faɗuwar, ko ba ki gane dokar ba ne, ko gaggawa ce, ko ba ki karanta tambayar da kyau ba. Ranar Asabar wannan littafin shi ne karatunki. Haka mai koyon gyaran waya, haka mai koyon kwamfuta, haka ɗan ƙwallon da ƙafarsa ta hagu ba ta bugu.

Irin wannan aiki yana da gajiyarwa, shi ya sa ba a yinsa yini guda. Zaƙaƙuran makaɗan nan na Berlin ba sa wuce kimanin sa'a huɗu a rana, a rarrabe, kuma sun fi waɗanda ake shirya wa aikin koyarwa samun barci, har da na rana. Don haka kada wani ya ruɗe ku da kwana ido biyu, balle shan ƙwaya don a ƙara ƙarfi. Ƙwaya tana cinye ƙwaƙwalwar da kuke son ginawa ne. Sa'a ɗaya da kuka kashe waya kuka ajiye ta a wani ɗaki ta fi sa'a biyar da kuke karatu kuna leƙa WhatsApp.

Zuciyar da ke karɓar gyara

Abin da ya fi hana matasanmu wannan hanya ba ƙarancin basira ba ne. Kunya ce da girman kai, tsoron kada a ce wane bai iya ba. Wata masaniya Ba'amurkiya, Carol Dweck, ta yi gwaji da 'yan firamare a 1998. Bayan sun yi wani aiki, sai aka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka ba su zaɓin aiki na gaba, akasarin waɗanda aka ce suna da ƙwaƙwalwa sai suka zaɓi mai sauƙi, don kada sunan ya zube. Da aiki ya yi tsauri suka karaya, wasunsu ma har suka ƙara wa kansu maki da aka tambaye su sakamako. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka fi zaɓar mai wuya, suka fi jurewa.

Wannan ya kamata ya tsoratar da duk wanda aka taso ana ce masa haziƙi. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a firamare, ranar da ya shiga jami'a ya ci karo da darasin da ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauka baiwar ce ta ƙare. Ya ƙi tambaya, ya ƙi zuwa wajen malami, ya fara neman satar amsa. Abokinsa da ya saba faɗuwa yana tashi sai ya zo ya wuce shi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya nuna maka kuskurenka ya ba ka kyauta, ko da bai iya bayarwa da lafazi mai daɗi ba. Karɓi gyaran, ka bar masa lafazin.

Ku dubi Tobi Amusan, 'yar tseren tsallake shinge ta Nijeriya. A gasar duniya ta Doha a 2019 ta zo ta huɗu. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ta sake zuwa ta huɗu, matsayin da ya fi kowanne ciwo, don ana ganin lambar yabo amma ba a taɓa ta. A watan Yulin 2022, a Amurka, ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa tarihin duniya, ta kuma ci zinare. Ku dubi Issaka Daboré, ɗan damben zamani na Nijar. Ya je Olamfik a 1964 ya dawo hannu rabbana, ya koma a 1968 haka, sai a 1972 a Munich ya ciyo tagulla, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa. Shekara takwas tsakanin zuwan farko da nasara. Da ɗayansu ya ce ba rabonsa ba ne ya zauna, da babu wanda zai zarge shi, kuma da ba mu san sunansa ba. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciya bayan an yi iya yi. Kada ku mai da shi hujjar ƙin farawa.

Shugabanci ma koyonsa ake yi

Da yawanku kuna burin shugabanci, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ina ganin kuna ɗaukarsa kamar rawani, ranar da aka naɗa maka ka zama. Ku tuna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi da karantarwa yana ɗan kimanin shekara 20, wajen 1774, bayan ya zauna gaban malamai, daga baya ma ya ci gaba da neman ilimi wajen irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ba a yi masa mubaya'a a Gudu ba sai 1804. Shekara 30 yana yawo a Gobir da Zamfara da Kabi, yana koyarwa, yana amsa tambayoyi, yana sanin halin mutane. Jagorancin da duniya ta gani a 1804 a cikin waɗannan shekarun aka gina shi.

Shugabanci yana da nasa sumunan da ake bi ɗaya bayan ɗaya: iya sauraro har mutum ya gama magana, iya raba aiki, iya riƙe kuɗin jama'a a rubuce, iya sulhu tsakanin mutum biyu, iya cika alkawarin lokaci, iya faɗin gaskiya ba tare da wulaƙanci ba. Filin atisayenku yana nan kusa: monitan aji, ma'ajin ƙungiyar unguwa, kaftin ɗin ƙwallo, amirar Islamiyya, babbar ya a cikin gida. In an ba ka ajiyar kuɗin ƙungiya, karanta wa mambobi lissafi duk wata tun kafin su tambaya. In ka jagoranci taro, ja wani mai hankali gefe bayan an tashi, ka ce ya faɗa maka abu guda da ka yi ba daidai ba. Wanda bai iya riƙon amanar naira dubu goma ba, ranar da aka ba shi baitulmali ba zai koya ba.

Babban abin da ke kashe shugabanni shi ne rasa mai gyara musu. Da mutum ya ɗan ɗaga, sai 'yan amshin Shata su kewaye shi, duk abin da ya faɗa a ce haka ne ranka ya daɗe. Ku dubi sallar jam'i. Liman ne a gaba, shi aka fi yarda da karatunsa, amma in ya sarƙe a aya, mamu ne daga baya yake ciro shi, kuma ya karɓa ya ci gaba, sallar ba ta ɓaci ba, girmansa bai ragu ba. Sayyidina Abubakar, a jawabinsa na farko bayan an yi masa mubaya'a, abin da ya nema a wurin jama'a ke nan: su taimake shi in ya yi daidai, su miƙar da shi in ya karkace. Duk ranar da kuka sami matsayi, ku nemo mutum biyu ko uku da ba sa cin abinci a hannunku, ku ba su izinin faɗa muku gaskiya, kuma kada ku hukunta su ranar da suka faɗa.

Sannan shugaba na gari shi ne mai yaye wasu. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta tsaya a kan iliminta ita kaɗai ba. Ta horar da mata jagorori da ake kira jaji, ta naɗa su, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, kuma tsarin 'Yan Taru ya rayu bayan rasuwarta. Ku kwatanta wannan da maigidan da yake ɓoye wa yaransa sirrin sana'a don kada su fi shi, ya mutu sana'ar ta bi shi kabari. In Allah Ya sa kun iya wani abu, ku zauna da na ƙasa da ku, ku duba allonsu da haƙuri, ku gyara aikin ba tare da kun karya mai aikin ba. Babba juji ne. Wanda ba zai iya ɗaukar kurakuran masu koyo ba, bai isa a kira shi babba ba.

Ƙannena, ba na yi muku alkawarin cewa kowannenku zai kafa tarihin duniya. Abin da na tabbata shi ne, kowannenku yana iya fin yadda yake a yau nesa ba kusa ba, kuma al'ummarmu tana cikin tsananin buƙatar mutanen da suka iya aikinsu da gaske: malamin da ya iya koyarwa, nas ɗin da ta iya jinya, makanikin da in ya gyara mota ta gyaru, shugaban da in ya yi kuskure za a iya faɗa masa. Don haka kada ku bari makon nan ya wuce. Kowa ya zaɓi abu guda da yake son ƙwarewa a kai, ya rubuta wurin da ya fi rauni a cikinsa, ya nemi wanda ya fi shi sani ya roƙe shi ya riƙa duba masa, ya ware sa'a guda kullum wadda babu waya a cikinta. In an gyara muku ku ce na gode, ku koma ku sake. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa albarka a ƙoƙarinku, Ya amfanar da al'umma da ku.